Jiki Magayi, Shaihu Umar da 'Yan'uwansu: Abin da Mai Saye Zai Tarar Game da Mata

Duk shagon littattafan da ya amsa sunansa a Kano ko Zariya ko Sakkwato, ba ka rasa wani lungu a kantarsa inda aka jera 'yan siraran littattafan nan na kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya: Ruwan Bagaja, Shaihu Umar, Jiki Magayi, sai kuma Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Masu sayensu iri uku ne. Akwai ɗan makarantar da jarrabawa ta tasa a gaba, akwai dattijon da ke son ya tuna ƙuruciya, akwai kuma malamai da ɗalibai da iyaye masu neman abin da za su kafa hujja da shi idan ana maganar yadda Bahaushe ya ɗauki mace tun zamanin da. Wannan sharhi domin kashi na ukun ne. Littattafan sun cancanci kuɗinsu, amma ba daidai suke ba wajen wannan buƙata, kuma wanda ya sayi guda ɗaya ya tsaya a kansa zai fita da rabin magana.

Sai an san inda kayan suka fito kafin a san abin da za a nema a cikinsu. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Littattafai biyar wannan yunƙuri ya haifar, aka buga su a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Muhammadu Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937. Babu mace ko ɗaya a cikin marubutan. Imam da Tafawa Ɓalewa samari ne a lokacin, 'yan shekara ashirin da ɗoriya, kuma Kwalejin Katsina suka yi, wadda maza zalla take ɗauka. Makarantun 'yan mata na farko da gwamnati ta buɗe a Kano da Katsina a 1930 suka soma, da ɗalibai ƙalilan. Ke nan maza ne suka rubuta, namiji ne ya tace, yara maza ne kuma za su karanta a aji. Wannan ba aibu ba ne ga marubutan, haka zamaninsu yake, amma shi ne mabuɗin karatun. Abin da ke cikin shafukan nan shi ne mace kamar yadda namiji mai ilimi na shekarun 1930 ya hange ta daga zaure.

Idan kuɗin mutum na littafi ɗaya ne tak, Jiki Magayi zai ɗauka. Shi kaɗai ne a cikin biyar ɗin da ya kafa labarinsa a kan neman aure. A garin Galma, Abubakar da Zainab suna son juna, magana ta yi nisa, sai attajiri Malam Shehu, wanda yake da mata amma Allah bai ba shi haihuwa ba, ya shigo da dukiyarsa, aure ya koma nasa. Abubakar ya bar gari, ya sha baƙar wahala wajen neman asirin da zai rama da shi, ya dawo ya sauke ramuwar a kan ɗan da Zainab ta haifa, wato Kyauta. Yaron ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa.

An saba koyar da littafin a matsayin gargaɗi kan zaluncin mai kuɗi da sharrin ramuwar gayya, kuma haka ne. Amma a bi sawun Zainab kaɗai daga farko zuwa ƙarshe a ga abin da zai fito. Darajarta a wurin Malam Shehu tana cikin mahaifarta, domin magaji yake nema. Matan da ke gidansa kuwa, labarin bai ɓata lokaci a kansu ba, don al'umma ta riga ta yanke cewa in gida babu haihuwa, maganin shi ne a ƙaro wata. A wurin Abubakar kuma, abin da ya fi ci masa rai shi ne an ƙwace masa abin da yake ganin nasa ne, an nuna masa talaucinsa a bainar jama'a. Shi ya sa da ya tashi ramuwa, Malam Shehu yake hange, bai tsaya ya tuna cewa yaron da zai lalata ɗan wadda ya ce yana so ba ne. Ita ta ɗauki cikin, ita ta yi goyon, ita ce kuma za a riƙa nunawa idan yaron ya ɗauko abin kunya, tun da Hausawa sun ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Maza biyu sun yi faɗa, fagen faɗan kuwa rayuwar mace ce. Ƙarfin littafin ke nan ga mai wannan bincike: bai yi wa'azi a kan matsayin mace ba, kawai ya nuna yadda abubuwa ke tafiya, kuma a cikin abin da ya ɗauka ba ya buƙatar bayani ne ake ganin abin da jama'a suka yarda da shi ba tare da tambaya ba. Rauninsa kuma a nan yake. Da zarar an ɗaura aure, labarin ya bi Abubakar daji, ya bi Kyauta yawon sata, ita kuwa sai jefi-jefi. Mai neman sanin abin da ke cikin zuciyar yarinyar da aka raba da masoyinta zai tarar da 'yan layuka ne kawai.

Shaihu Umar shi ne na biyu a wajen saye, kuma a ganina mace mafi nauyi a dukan rukunin tana cikinsa. Shaihun yana zaune a Rauta yana karantarwa, almajiri ya tambaye shi asalinsa, ya kwashe labari. Ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, bafaden da 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri aka kore shi daga Kagara. A cikin wannan rikici aka sace Umar yana ƙarami, hannu ya yi ta sauyawa da shi har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Uwar ba ta zauna ba. Ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka ratsa hamada da ita har Tarabulus. Sun sadu daga ƙarshe, ba ta daɗe ba ta cika.

A ajiye tafiyar ɗan kusa da ta uwar. Dukansu bauta ta ci su, dukansu sun ƙetare Sahara. Shi tafiyarsa ta zama ƙofar ilimi, ya dawo shaihi ana zuwa ɗaukar karatu a gabansa. Ita tafiyarta ta zama wulaƙanci a kan wulaƙanci, ba ta dawo gida ba. Kuma ita ce ta yanke shawara mafi girma a littafin da kanta, wato ta bar ɗakinta ta shiga duniya saboda ɗanta. Marubucin ya girmama ta ƙwarai, ba ya ɓoye tausayinsa gare ta, amma girman da ya ba ta na uwa mai haƙuri da sadaukarwa ne. Tun da ɗanta ne mai ba da labarin, ta fuskar uwa kawai muke ganinta. Wannan shi ne gurbin da al'umma ta fi yarda ta yabi mace a cikinsa, kuma yabon yakan fi ƙarfi idan wahalar ta fi tsanani.

Akwai abin da ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibai a nan. Lokacin da aka buga littafin, bauta ba tarihi mai nisa ba ce. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa daga wannan shekara ne kawai, sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya. Yaran da suka fara karanta shi suna da tsofaffi a unguwarsu waɗanda abin ya faru a kansu. Don haka kalmomi irin su baiwa da kuyanga da ƙwarƙwara ba ado ba ne, kowace da matsayinta. Baiwa mallaka ce, kuyanga baiwa ce matashiya mai hidimar gida, ƙwarƙwara ko sa-ɗaka kuwa baiwa ce da ubangijinta ya keɓe wa kansa, kuma in ta haihu matsayinta ya sauya, 'ya'yanta 'yantattu ne. Ɗalibin yau ba ya rarrabe su, kuma in ba a rarrabe masa ba, ba zai gane girman faɗuwar 'yantacciyar matar aure da aka kai kasuwa ba. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976, amma kada a bar ɗalibi ya kalli fim ya ce ya karanta, domin abin da za a ƙirga a rubuce yake.

Ruwan Bagaja ya fi su daɗin karatu, ya fi su ban dariya, amma ga wannan tambaya shi ne mai ƙarancin nama. Alhaji Imam, jarumin labarin, ya bar Kwantagora don ya wanke Limamin garinsu daga kunyar da ya sha a gaban sarki, suna ta ƙulla wa juna tsiya shi da Malam Zurƙe gari bayan gari, mata kuwa a gefen hanya suke. Amfaninsa yana fitowa ne idan an karanta shi dab da Shaihu Umar. Namiji ya fita shi kaɗai ya yi shekaru, ya dawo da abin da ya je nema da dukiya da suna. Mace ta fita ita kaɗai, aka sayar da ita. Ba sai an yi wa yarinya 'yar shekara goma sha huɗu bayani ba, za ta fahimci abin da ake gaya mata game da ƙofar gida.

Magana Jari Ce shi ya fi tsada saboda juzu'i uku ne, shi ne kuma ya fi yawan mata, sai dai a warwatse suke cikin gajerun labarai. Abin da ya fi jan hankali yana cikin ginin littafin kansa. Imam ya ɗebo daga rijiyoyi da yawa, har da Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm da tsohon labarin aku na Indiya da Farisa. A Alfu Laila mace ce mai ba da labari, da bakinta take tsirar da ranta kowane dare. A labarin akun na asali, matar aure ce tsuntsun yake tsarewa da hira don kada ta fita wurin wani namiji. Da abin ya zo Zariya, sai aku ya koma tsare Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. An cire mace daga tsakiyar ginin gaba ɗaya. Dalilin a fili yake, littafin makaranta ne, ba za a kafa shi a kan matar da ke shirin cin amanar miji ba. Amma sakamakon shi ne baiwar magana, wadda littafin ya ce jari ce, ta tashi daga bakin mace ta koma bakin tsuntsu mai koya wa yarima mulki. Yaƙin da ya tayar da labarin ma a kan maganar auren Sinaratu 'yar Sarkin Sinari ya taso, tsakanin sarakuna da wazirai ake ta kai-kawo, ita sunanta kawai ake juyawa.

Labarin Kalala da Kalalatu ma haka. A tushensa na Jamus, kuku ce ta cinye kajin maigidan da take yi wa aiki, ta haɗa shi da baƙonsa don ta tsira. A Hausa ta zama matar gida. Wayon ɗan aiki a kan ubangidansa ya koma wayon mata a kan mijinta, ya shiga rumbun abin da ake kira makircin mata. Duk da haka, kada a yi saurin jefar da irin waɗannan labarai. A cikinsu ne kaɗai mace take cin nasara da basirarta, kuma mai lura zai ga wa ke tsaye a gaban murhu yayin da maigida ke gayyato baƙi.

Yanzu ga kayan kansu, domin a nan mai saye ya fi yin asara. Littattafan nan suna cikin waɗanda masu satar fasaha suka fi bugawa, kuma kwafin jabu yakan zauna a kanta ɗaya da na gaske. Siraran galibi da fil biyu ake ɗinke su ta tsakiya, kowace takarda ɗaya tana ɗauke da shafi huɗu. In takarda ɗaya ta kuɓuce wajen haɗawa, shafi huɗu ne suka tafi, biyu daga rabin farko, biyu daga rabin ƙarshe, kuma ba za a gane ba sai karatu ya kai wurin. Kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin ka tabbata lambobin shafukan biyu suna bin juna, sannan ka bi lambobin da yatsa tun daga farko. Minti biyu ya isa. Duba gindin shafi ta wajen ɗinki: baƙar inuwa mai tsawo alama ce ta fotokwafi. Goga babban yatsa a kan rubutu, in tawada ta biyo yatsan, ajiye shi. Ɗaga shafi ɗaya sama wajen haske, in rubutun baya ya rinjayi na gaba, takardar ta cika sirantaka, ba za ta jure fensir ba, kuma aikin da za a yi da littafin na fensir ne.

Babban abin dubawa shi ne haruffa masu lanƙwasa. A kwafin da aka yi ta sake ɗauka daga kwafi, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ita ke fara gogewa. A littafin da ya ginu a kan neman ɗa, in ɗa ya koma da, jimla ta rushe. Haka kishi da ƙishi, baki da baƙi, kafa da ƙafa. Babba zai gyara da kansa daga ma'ana, yaro ba zai iya ba. Wannan cuta ta fi yawa a fayilolin PDF da ke yawo a waya, musamman waɗanda na'ura ta karanto rubutunsu daga hoto, inda ƙ kan koma k ko wata alama dabam, kuma lambar shafi ba ta dacewa da ta bugun takarda, abin da ke hana ɗalibi kafa hujja yadda za a iya bin sawu. Mai karatu daga Damagaram ko Maraɗi zai tarar da 'y a inda ya saba ganin ƴ, wannan ba kuskure ba ne, ƙa'idar rubutun Nijeriya ce.

Fil ɗin tsakiya yana tsatsa da damina ɗaya, ya ci takarda, shafukan tsakiya su fara zubewa. Gyaran bai da wuya kuma gara a yi shi tun littafin yana sabo. A ɗaga ƙafafun fil ɗin da bakin wuƙa a zare shi. A huda rami uku da basilla a kan layin ninki, ɗaya a tsakiya, ɗaya kamar yatsa biyu daga sama, ɗaya yatsa biyu daga ƙasa. A yanki zare mai ƙwari irin na masu ɗinkin takalma, tsawonsa ninki uku na tsayin littafin. A fara daga ciki, a fita ta ramin tsakiya, a shigo ta na sama, a miƙe ta ciki har na ƙasa a fita, a sake shigowa ta tsakiya, sannan a ɗaure bakin zaren biyu a kan doguwar igiyar da ta ratsa. Kada a ja da ƙarfi, zare yana yanka takarda. Kada kuma a sa salatif a kan shafi, yana yin ja ya bar tabo, in an ɓamɓare ya tafi da rubutu. Magana Jari Ce mai kauri ne, galibi da gam ake haɗa shi, don haka kada a danne shi a buɗe a kan tabarma, ƙashin bayansa zai karye. A yi masa riga da takarda mai kauri, a ajiye shi sama da ƙasa, nesa da bango, saboda gara.

Yadda za a ci moriyar kayan kuwa, ga hanyar da ke aiki a aji ko a zaman karatu na mutum takwas zuwa goma sha biyu. Kowa ya riƙe nasa kwafin, ko aƙalla ɗaya ga mutum biyu, da fensir da littafin rubutu. A ja layi a raba shafi gida huɗu: lambar shafi, wace mace ce kuma da me aka kira ta, ta yi magana da bakinta ko an faɗi abin da ta ce, sannan wa ya yanke shawarar da ta shafe ta. Gida na biyu yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin akwai bambanci tsakanin wadda aka kira da sunanta da wadda aka kira matar wane, ko uwar wane, ko wata tsohuwa. Jiki Magayi yana ƙarewa a zama uku na minti arba'in arba'in in ana karantawa a bayyane ana tsayawa, Shaihu Umar zama huɗu. Daga Magana Jari Ce a zaɓi labarai biyar ko shida kawai, kada a ce sai an gama juzu'i uku, zaman zai mutu a hanya. Kada a buɗe muhawara sai an gama cike jadawalin an tara lissafi. Idan kowa ya ga da idonsa sau nawa Zainab ta buɗe baki, sau nawa aka yi magana a kanta ba ta nan, gardamar za ta tsaya a kan shafi, ba a kan abin da kowa ya zo da shi daga gida ba.

Wurare uku ne zaman yakan lalace. Na farko, a ɗauki littafin a matsayin hoton rayuwar matan Hausa gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Matan da ke cikin kulle a Kano da Zariya na wancan zamani suna kaɗi, suna saƙa, suna dafa abincin sayarwa, suna adashi, suna da dukiyarsu da miji ba ya taɓawa, kuma kusan babu wannan a cikin littattafan, saboda a cikin gida ake yinsa, inda marubucin baƙo ne. Na biyu, a cakuɗa al'ada da addini. Ɗalibi zai ga an aurar da yarinya ga wanda ba zaɓinta ba ya ce Musulunci ne, wani ya ce ba ruwan Musulunci. Malami ya shirya tun kafin zama: a fiƙihun Malikiyya akwai maganar ijbari, wato ikon aurarwa ba da izininta ba, da uba yake da shi a kan 'yarsa budurwa, da sharuɗɗansa na maslaharta, akwai hadisin neman izinin budurwa, akwai kuma hul'i, wato mace ta fanshi kanta daga aure. Abin da ya faru a Galma kuwa kuɗi ne suka yi aiki, kuma littafin da kansa bai yaba ba. Na uku, a mai da zaman kotu, maza a gefe, mata a gefe, a yi ta jifa da karin magana, wannan ya ce ƙarfin mata sai yawan magana, waccan ta ce namiji ba ɗan goyo ba ne. Maganin wannan shi ne a mai da karin maganar kanta abin bincike: wa ya ƙirƙire ta, wa take yi wa aiki, kuma a wane shafi aka ga irinta. Har nasihar da ake yi wa amarya ranar kai ta, ta yi na yi bari na bari, ana iya ɗora ta a kan jadawalin a ga wace mace a littafin ta bi ta, kuma me ta samu.

Abin da rukunin nan ya rasa, wanda mai saye zai nema a wani wuri, shi ne muryar mace da kanta. Rashinta a nan ba ya nufin ba ta taɓa rubutu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru inda malamai mata da ake kira jaji ke ɗaukar karatu su kai wa mata a ƙauyuka. Mahaifinta a Nurul Albabi ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Tatsuniya ma, wadda ita ce makarantar farko ta kowane ɗan Bahaushe, a bakin kaka da uwa take. Boko ne ya zo ta ƙofar maza. Sai a 1980 NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, bayan wata gasar, shekara arba'in da shida bayan littattafan farko, kuma a cikinsa yarinya ce, Boɗaɗo, ta tsaya a kan wanda take so duk da adawar dangi.

Don haka wanda zai kashe kuɗi saboda wannan bincike ya ware wani abu na littafi ɗaya ko biyu daga hannun mata. Mafi dacewa da Jiki Magayi shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, inda aka cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo, labarin kuma ya bi ta ita, bai bi mazan ba. Abu laƙabin Zainabu ne, saboda haka a jadawali ɗaya za a sami Zainabu biyu, ta 1934 da ta 1990, a gwada gida na uku da na huɗu na kowace. Mafi dacewa da Shaihu Umar shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, na marubuciyar dai, inda Rabi, uwar 'ya'ya tara da miji ya kora, ta riƙe su da sayar da abinci. Waɗannan ba lalle a same su a kanta ɗaya da na Zariya ba, sai an tambayi masu tsofaffin littattafan Hausa, kuma duk binciken shafi da na lanƙwasa da aka faɗa a sama ya hau kansu, har ma ya fi, domin wasunsu kashi-kashi aka buga su, a tabbata an karɓi kowane kashi kafin a bar shagon.